Jagorar fita su a Tafkin Mishigan, daga kayan jirgi zuwa rigingimun bakin gaɓa

Ni mutumin Yauri ne. A bakin ruwan Kainji na tashi, tun ban cika shekara goma ba na iya riƙon filafili. Da aiki ya kawo ni jihar Mishigan a Amurka, na ji ana ce wa ruwansu tafki, sai na ce to, gida na dawo ke nan. Ranar da na fara tsayawa bakinsa a garin Muskegon na ɗaga ido ina neman tsallake, ban ga komai ba sai inda sama ta haɗe da ruwa. Tsawonsa mil 307, faɗinsa mil 118 a inda ya fi faɗi, kuma akwai wurin da zurfinsa ya kai ƙafa 923. Ka ɗauko Kainji ka zuba ciki sau arba'in, da sauran wuri.

Da zafi ya shigo, 'yan'uwa mazauna Shikago da Milwoki kan bugo mini waya: "Malam, na ga wani jirgi da araha, wace sandar fatsa zan saya?" Amsata ba ta canzawa. Ka jera sayayyarka bisa abin da zai dawo da kai gida, kayan kama kifi su zo a ƙarshe.

Su ɗin da ake yi a nan na nishaɗi ne, doka ta hana sayar da abin da ka kama. Kifin da kowa ke bi kuwa, salmon, baƙo ne kamar ni da kai. A 1966 ne aka fara zuba 'ya'yan nau'in koho, bisa shirin Howard Tanner, shugaban sashen kifi na jihar a lokacin, a 1967 aka biyo da cinuk, don su cinye wani ƙaramin kifi mai suna alwaif da ya yi yawa har yana mutuwa yana ruɓewa a gaɓa. Da kohon suka girma suka dawo a kakar 1967, jama'a suka ruɗe, kowa ya jawo ɗan kwale-kwalen da yake wasa da shi a ƙananan tafkuna ya faɗa babban ruwa. Ranar 23 ga Satumba iska ta taso a yankin Frankfort, ta watsa jirage zuwa gaɓa, mutum bakwai suka rasu. An yi gargaɗi kafin nan. Kifi ne ya rufe wa mutane ido.

Mataki na farko: takardu

Wannan ba ya cin lokaci. Jihohi huɗu ne suka raba tafkin, Mishigan da Wiskonsin da Ilinoi da Indiyana, kowace da lasisinta, kuma iyakokinsu a cikin ruwa suke, babu allon da zai ce maka ka tsallake. A Mishigan daga shekara 17 ake buƙatar lasisin su. A Wiskonsin daga 16, kuma sai ka ƙara da hatimin salmon da kifin tirawut na manyan tafkuna. Jirgin da kansa yana da rajista, da lamba a gefen goshinsa dama da hagu. Wanda aka haifa daga 1 ga Yulin 1996 sai da shaidar koyon tuƙin jirgi a Mishigan, a Wiskonsin kuwa daga farkon 1989. A Mishigan sanda uku ce haƙƙin kowane mai lasisi. Yawan kifin da za ka iya ɗauka a rana yakan sauya, saboda haka ka karɓi sabon ɗan littafin dokoki kowace shekara ka jefa shi a jirgi cikin leda.

Mataki na biyu: jirgin kansa

Raƙuman ruwan wannan tafki gajeru ne, a tsaye suke, suna bin juna kusa-kusa. Kafin goshin jirgi ya gama sauka daga kan ɗaya, na biyu ya iso. Shi ya sa jirgi mai shafaffen gindi, irin wanda ake tunƙaho da shi a kogi, ba shi da abin yi a nan. Ka nemi mai tsinin ƙasa wanda ke yanka ruwa, mai dogon gefe, musamman ta baya inda inji yake, domin yawancin ruwan da ke cika ƙananan jirage ta baya yake shigowa. A ganina ƙafa 18 ce mafi ƙaranci, kuma ko ita sai a rana mai kyau. In tsoho za ka saya, ka taka kowane lungu na daɓensa ka ji ko yana lotsawa, ka kama ƙafar injin ka jijjiga da ƙarfi kana kallon bangon baya. In ya motsa, katakon ciki ya ruɓe, ka yi wa mai shi sallama. Araha ba ta ado.

Inji biyu ake so. Babba na tafiya, da ƙarami, galibi mai ƙarfin doki 9.9, wanda da shi ake jan fatsa a hankali, kuma shi ne zai tura ka gida ranar da babban ya ƙi tashi kana mil goma daga gaɓa. Mai kuwa kashi uku ake yi masa: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓawa. Dawowa cikin iska tana shan mai fiye da yadda kake zato. A gidan mai ka duba famfon da kyau, fetur mai alamar E15 ba na injin jirgi ba ne.

Ka sa batir biyu da makunnin raba su, don na'urori kada su zuƙe wanda zai tayar da inji. Famfon kwashe ruwa ma biyu, ɗaya mai tashi da kansa in ruwa ya taru, sannan bokiti, wanda ba ya neman batir. Anka da igiya mai tsawo, kamar ninki bakwai na zurfin inda za ka jefa ta, kuma a goshi ake ɗaure ta. Wanda ya ɗaure anka a baya ya juya wa raƙumi mafi gajartar ɓangaren jirginsa.

Mataki na uku: kayan tsira

A nan zan daɗe, domin a nan ne mu da muka tashi a ruwan ɗumi muke yaudarar kanmu. Na iya iyo, na sha tsallake rafi da kaya a ka. Amma a watan Mayu saman ruwan nan yana iya zama digiri 6 ko 7 a ma'aunin Salsiyas, ko da rana na dukanka kana cikin 'yar shara. Da ka faɗa, abin da zai fara faruwa shi ne ka ja numfashi da ƙarfi ba da son ranka ba. In kanka na ƙarƙashin ruwa a wannan daƙiƙar, magana ta ƙare. Wani masani a Jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin da lamba uku, 1 da 10 da 1: minti ɗaya ka shawo kan numfashinka, kamar minti goma hannuwa da ƙafafu na yi maka biyayya, sannan kamar awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankalinka. Awar nan ta mai rigar ruwa ce. Wanda ba ta jikinsa, lissafinsa a minti goma ya tsaya.

Doka ta ce kowane mutum da rigarsa a cikin jirgi, kuma jirgin da ya kai ƙafa 16 ya ƙara da abin jefa wa wanda ya faɗa. Ni nawa sharaɗin ya wuce haka: a jiki za ta kasance, daga gangara, wato inda ake sauke jirgi a ruwa, har ka dawo gangara. Akwai siririya mai kumbura da kanta in ta taɓa ruwa, ba ta hana ka aiki, sai dai a riƙa duba 'yar tukunyar iskarta. Ka sa tsani a bayan jirgi wanda mutum zai iya saukewa daga cikin ruwa, domin jiƙaƙƙen ƙato ba ya hawa jirgi da ƙarfin damtse.

Sai igiyar kashe inji, 'yar ja ɗin nan da ake maƙalawa a jiki. Tun Afrilun 2021 dokar tarayya ta wajabta ta ga jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba idan suna gudu. Ni ko a jan fatsa ina sa ta in ni kaɗai ne. Jirgi mai tafiyar mil biyu da rabi a awa kamar tsaye yake a ido, amma babu mai iyon da zai kamo shi da tufafi a jiki. Kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: kada ka sunkuya ta gefe don ɗebo ruwan alwala ko don kama ruwa. Ka shigo da butarka da bokitinka.

Wayar salula tana rasa sabis da ka yi nisa. Ka sa rediyon oba-oba na ruwa, wanda ake kira VHF, da doguwar eriya, ka bar shi a tasha ta 16, inda dakarun tsaron gaɓa ke sauraro dare da rana. Yana da jan maɓalli a ƙarƙashin ɗan murfi, wanda in ka danna zai aika da wurin da kake, amma sai ka yi masa rajistar lamba ka kuma haɗa shi da GPS. Mutane da yawa suna yawo da rediyon da jan maɓallinsa ado ne kawai. Hira da abokai a tafi wata tashar, irin 68 ko 72.

Sauran ba su da wuya: wutar neman agaji guda uku masu aiki dare da rana, waɗanda wa'adinsu wata 42 ne daga ranar ƙira, abin kashe gobara, wanda in irin na yarwa ne ya ƙare aiki bayan shekara 12, usur ko ham, fitilu, ja a hagu, kore a dama, fari a baya, kamfas na allura ko da kana da GPS, da almakashin yanke waya, wanda za ka ji amfaninsa a gaba. Kafin ka fita ka rubuta wa uwargida tashar da ka shiga, inda ka nufa, launin jirgi, da ƙarfe nawa za ta fara neman taimako in ba ta ji ka ba.

Mataki na huɗu: karanta yanayi tun da dare

Hasashen da ke wayarka na kan tudu ne. Ka nemi na ruwa daga hukumar yanayi ta ƙasa, wanda ya kasu biyu: na kusa, mil biyar daga gaɓa, da na tsakiyar tafki. Akwai na'urori masu yawo a ruwa da ke aiko da tsayin raƙumi da ɗumin ruwa kai tsaye, ka duba mafi kusa da tasharka. Gargaɗin ƙananan jirage yakan fito in iska ta kai kamar mil 25 a awa ko raƙumi ya haura ƙafa huɗu, amma sabon shiga bai kamata ya jira gargaɗi ba. In aka ce ƙafa ɗaya zuwa biyu, bismilla. In aka ce biyu zuwa huɗu, ka zauna ka gyara ƙugiyoyi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Inda iska ta fito ya kai ƙarfinta muhimmanci. Mu da ke gaɓar gabas, iskar yamma ta ratso mil tamanin na buɗaɗɗen ruwa kafin ta same mu, ta arewa kuwa ta bi tsawon tafkin. Iskar da ta fito daga tudu ita ce mayaudariya: bakin gaɓa luf kamar faranti, kana ƙara nisa yana ƙara tashi, sai ka juyo ka tarar gaba da gaba za ku yi da ita har gida. In ka ji sandar fatsa tana ɗan ƙugi kamar ƙudan zuma, ko ka hango hadari ya yi baƙi ta yamma, kwantar da sanduna ka kama hanya. A farkon zafi kuma hazo kan sauka farat ɗaya, idan iska mai ɗumi ta bi ta kan ruwan sanyi.

Mataki na biyar: gangara

Salmon da duku-duku yake ci, don haka ƙarfe huɗu na asuba layin motoci ya riga ya yi tsawo. Ni a filin ajiye motoci nake shimfiɗa darduma in yi asuba, sannan in shirya komai a can gefe: kwance maɗaurai, loda kula da ƙanƙara, ɗaura igiyoyi, kunna batir. Ba a shiri a kan gangara, mutane na bayanka. In ka juya baya za ka sauka, kashe manyan fitilun mota don kada ka makantar da na kusa da kai.

Akwai ɗan rami a ƙasan bangon baya da ake zubar da ruwa ta cikinsa, yana da toshiya wadda ba ta fi babban yatsa ba. A fitata ta uku na sauke jirgi, na tafi ajiye mota ina ta jin kaina gwani, na dawo na tarar da wani dattijo riƙe da igiyata yana haska bayan jirgin da tocila. Ya ce, "Ɗana, ko dai wanka za ka yi masa?" Ruwa ya kai idon sawu, kula tana yawo. Toshiyar tana aljihuna. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Tun ranar na ɗaure ta a jikin makullin inji, ba yadda za a yi in tayar ban gan ta ba.

Ka san inda simintin gangarar ya ƙare. Masu hawa tirela da ƙarfin inji suna haƙe rami a ƙarshensa, in tayarka ta faɗa sai an nemo mai ja.

Mataki na shida: bakin tasha

Yawancin tashoshin gaɓar nan bakin kogi ne da aka yi wa dogayen katangu biyu na kankare zuwa cikin tafki, da hasumiyar fitila a ƙarshe. Tsakanin katangun tafiyar hawainiya ake yi, ba a tayar da ruwa. Ƙarshensu shi ne wuri mafi muni a duk tafiyar: ruwan kogi na fita, raƙumi na shiga, wani na dukan katanga yana dawowa, sai wurin ya zama kamar tukunya na tafasa. Ka shige shi da ƙarfin inji daidai, kowa a zaune. A dawowa jar alama tana hannunka na dama. In raƙumi na bayanka, ka hau bayan ɗaya ka bi saurinsa, kada ka tsallake shi ka soka goshi a na gaba.

Ba kai kaɗai ne a hanyar ba. Akwai jiragen dakon tama da duwatsu, wasu tsawonsu ƙafa dubu, ba sa iya tsayawa ko kaucewa cikin mashigi. Akwai jiragen fito, Badger mai aiki da kwal tsakanin Ludington da Manitowoc, da Lake Express mai tsallaka Muskegon zuwa Milwoki cikin awa biyu da rabi, wanda kafin ka gama cewa "ga shi can" ya iso. In ka ji ham gajere sau biyar, da kai ake. Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa mai jan fatsa yana da fifikon hanya. A dokar ruwa jirgin inji ne kamar kowa. Masu jefa fatsa daga kan katanga ma suna da haƙƙi, ka ba zarensu wuri.

Mataki na bakwai: kayan kama kifi

Yanzu mun zo inda kake jira. Duk dabarar a kan abu ɗaya take. Da zafi ruwan yakan kasu hawa-hawa, ɗumi a sama, sanyi a ƙasa, da wata siririyar iyaka a tsakani inda ɗumin ke faɗuwa da sauri. Cinuk ya fi son wajen digiri 10 zuwa 12, kuma wannan ruwan yau yana iya zama ƙafa 40 ƙasa, jibi ƙafa 90. Iskar tudu mai ƙarfi kan kore ruwan ɗumi ta taso da na sanyi har bakin gaɓa, sai kifin ya biyo shi. Aikinka shi ne ka kai ƙugiya wannan hawan, da saurin mil biyu zuwa uku a awa.

Abu na farko na'urar leƙen ƙarƙashin ruwa haɗe da taswira, wadda za ta nuna maka garken alwaif kamar gajimare da manyan kifi kamar baka a gefensa. In da hali ka ƙara da ma'aunin da ake saukewa ƙasa, mai faɗa maka ɗumi da sauri a inda ƙugiya take, domin ruwan ƙasa yana da tasa tafiyar dabam da ta sama.

Na biyu dawunriga: ɗan keken naɗe waya ne a gefen jirgi, da wayar ƙarfe da dunƙulen darma mai laba 10 zuwa 15. Ga yadda ake yi. Jirgi na tafiya, ka saki cokalin ƙarfe mai ƙugiya ya yi baya kamar ƙafa 20 zuwa 40. Ka maƙala zaren a ɗan matsin da ke jikin darmar. Ka sassauta birkin kwarkwaro, wato abin naɗe zaren sanda, ka sauke darmar a hankali zuwa zurfin da kake so, yatsanka a kan zare. Ka sa sandar a mazauninta, ka naɗe har ta lanƙwashe kamar baka. Da kifi ya kai cafka zaren zai fizge daga matsin, sandar ta miƙe, daga nan kai da shi ne ba darma a tsakani. Ka tuna ruwa na tura darmar baya, in ma'auni ya ce ƙafa 100, ba ta kai can ba.

Na uku Dipsy Diver, faifai ne da ke nutsewa ya ja zare gefe. Ana juya nauyin ƙarƙashinsa don ya yi dama ko hagu. A bayansa aka fi sa farantin walƙiya mai juyi da ƙudan roba. Na huɗu zare mai darma a ciki, wanda launinsa ke sauyawa duk yadi goma, kowane launi na sauke ƙugiya kamar ƙafa huɗu zuwa biyar, ana maƙala masa ɗan allo mai kai shi nesa da jirgi.

Tsarin jerawa shi ne mai zurfi a kusa da jirgi, mai sama-sama a can waje. In ba kai kaɗai ba ne, ka fara da sanda huɗu kacal, dawunriga biyu da faifai biyu, ko da ku uku ne kuna da izinin tara. Na ga yadda sanda tara ke komawa taliya a kwana ɗaya. Kwana kuwa mai faɗi ake yi, kuma ba a tsayar da jirgi don kifi ya kama, rage sauri ake yi.

Cinuk mai laba 20 yana iya jan zare yadi ɗari a gudu ɗaya. Mafi girma da aka yi rajista a jihar, laba 47.86, a 2021 aka kama shi a wajen Ludington. Kada ka ƙara matse birki don tsoro, bar shi ya gaji. Mai homa ya jira har kan kifin ya ɗago, ya ɗebe shi ta kai da motsi ɗaya. Wanda ya bi shi ta wutsiya sallama ya yi masa. In ka ga wani abu kamar jiƙaƙƙiyar auduga ya taru a zare yana toshe idon sanda, ƙumar ruwa ce mai ƙaya, girgiza zaren ko ka tsince ta.

Yanzu almakashin nan. Akwai ragar tarko ta masu su na kasuwa da ta ƙabilun asali masu haƙƙin yarjejeniya, ana sa mata sanda mai tuta a sama, amma jikinta da igiyoyin ankarta sun bazu nesa da tutar. Kada ka ratsa tsakanin tutoci, ka yi musu zagaye mai nisa. In darmarka ta maƙale, jirgin zai juya baya ga raƙumi wayar na jan gindinsa ƙasa. Cire giya, yanke wayar nan take, ka ajiye lambar wurin ka kai rahoto. Darma ta kasuwa ce.

Mataki na takwas: gaɓa ba ta zama yadda ka bar ta

Mutumin Yauri ya san cikar ruwa da janyewarsa a shekara, amma na nan yana da wani zagaye mai tsawo. A Janairun 2013 ya sauka ƙasa da duk abin da aka taɓa aunawa tun 1918. A 2020 ya cika har ya karya tarihin 1986 a watanni da dama. Tsakanin biyun kusan ƙafa shida. A shekarun ƙaranci yashi kan taru a bakin tasha, duwatsun da ka saba bi ta kansu su fara cin farfela. A shekarun cika tuddan yashi na zaftarewa da bishiyoyi da matakalar gidaje, su yi ta yawo rabi a nutse, tsofaffin gadoji kuma su ɓuya a ƙarƙashin ruwa. Taswirar na'urarka ba ta san wannan ba, ka tambayi ma'aikacin tasha.

Ruwan kan kuma yi tashin farat ɗaya bayan wucewar hadari. Ranar 26 ga Yunin 1954 irin wannan ya afka wa gaɓar Shikago da safe, ya share masu fatsa daga kan katanga, mutum takwas suka rasu. In ka ga ruwa ya janye daga gangara ba dalili, dawowa zai yi. Kuma ranar da ruwa ya hana ka fita, kada ka ce bari in je katanga in rage zafi alhali raƙumi na tsallake ta. Gefenta akwai ruwa mai ja zuwa tsakiya.

Ta fuskar makwabta, a Mishigan sai da tafiyar hawainiya ake kusantar gada ko wurin wanka ko ɗaurarren jirgi cikin ƙafa 100, kuma ɓarnar da ruwan bayanka ya yi a wuyanka take. Kotun ƙolin jihar ta yanke a 2005 cewa kowa na iya tafiya a bakin manyan tafkuna ƙasa da alamar cikar ruwa, ko a gaban gidan wani ne. Tafiya aka ce. Hura gawayi a tudun mutum wata magana ce dabam.

Mataki na tara: wanke jirgi, gyara kifi

Da ka hau tudu, matsa daga gangara, cire toshiyar nan, zubar da duk ruwan da ke jirgi, tsince ciyawar da ta maƙale a tirela. Tun 2019 wannan doka ce a Mishigan. Dalili shi ne wasu ƙananan katantanwa da suka shigo cikin ruwan cikin manyan jirage, aka fara ganinsu a Tafkin St. Clair a 1988, 'yan'uwansu kwaga suka biyo baya suka shimfiɗe ƙasan tafkin. Suna tace abincin da ƙananan kifi ke rayuwa a kai. A Tafkin Huron alwaif ya rushe wajen 2003 zuwa 2004, cinuk ya bi shi. 'Ya'yan katantanwan ido ba ya gani, ruwa kofi ɗaya ya isa ya kai su wani tafkin. In za ka canza ruwa, bar jirgin ya bushe kwana biyar. Ragowar kifin da ake sa wa ƙugiya a kwandon shara ake zubarwa.

Kifi kuwa tun a jirgi ka yanke masa maƙogwaro jini ya fita, ka binne shi a ƙanƙara. Yawancin tashoshi suna da rumfar gyaran kifi, can ake barin kayan ciki. In ka ga ɗan ƙaramin fiffiken da ke bayansa kusa da wutsiya a yanke, ɗan gidan ƙyanƙyasa ne, wataƙila da 'yar waya mai lamba a hancinsa, ma'aikatan jihar kan karɓi kan.

Saura rigimar gida. Tsofaffin sinadaran masana'antu, irin PCB da aka hana tun 1979, suna nan a ruwan, kuma a kitsen kifi suke taruwa. Don haka ana feɗe fata, a yanke kitsen ciki da baƙin layin gefe, a gasa a kan waya man ya ɗiga a zubar. Wannan ba ya cire sinadarin makuri, wanda ke cikin tsokar, shi ya sa jihar ke fitar da jadawalin sau nawa za a ci kowane nau'i a wata, kuma mai juna biyu da ƙananan yara su ne suka fi buƙatar a duba musu. Ranar da na kawo cinuk na farko, uwargida ta riga ta jajjaga attaruhu da albasa tana jiran kai da tumbi. Da na ce waɗannan ne ba za a ci ba, ta dube ni ta ce, "Maigida, to me ka je yi tun asuba?" Yanzu mun daidaita: salmon a gasa da yaji da lemun tsami, farfesu kuma mu sayo tarwaɗa a shagon 'yan Afirka.